Ɗiyata wada ce, likita ya rubuta FGFR3: daga ina wannan ya fito?

Tambaya: Likita, daga Argungu nake rubuto maka. Ɗiyata ta biyar tana da wata 14. Kanta babba ne, hannuwa da ƙafafu gajeru, har yanzu ba ta tsayuwa, kuma tana minshari da dare. An ɗauki hoton ƙashinta a Birnin Kebbi, likita ya ce wada ce, ya rubuta mana achondroplasia da FGFR3 a takarda. Ni da maigidana babu gajere, yayyenta huɗu ma haka. Uwar mijina ta ce auren zumunci ne ya jawo, don shi ɗan baffana ne. Wasu sun ce wani abu na ci ko na gani lokacin cikinta. Ƙanena kuma ya duba a waya ya ce wannan FGFR3 yana da alaƙa da ciwon daji. Me ya jawo, zai sake faruwa, kuma akwai magani?

Amsa: Malama, Allah ya raya ta, ya ba ku ladan reno. Abin da ya fi ci miki rai zan fara da shi: ba auren zumunci ba ne, ba kuma abin da kika ci ko kika gani ba ne. Dalilin yana cikin yadda ƙashi yake tsawo, don haka sai kin yi haƙuri mun bi ta can.

Jikin mutum ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani. A cikinsu akwai rubutun gado da ake kira DNA, mai haruffa kimanin biliyan 6, an naɗe shi cikin ƙunshi 46 da ake kira kuromosom, 23 daga uwa, 23 daga uba. Rubutun ya ƙunshi ƙwayoyin gado wajen 20,000, kowace da umarnin ƙera wani furotin. FGFR3 ɗaya ce daga cikinsu, tana kusa da ƙarshen kuromosom na 4. Ba cuta ba ce. Ni ina da ita, ke kina da ita, kowa na da guda biyu, ta uwa da ta uba.

Furotin ɗin da take ƙerawa aikinsa karɓar saƙo ne. Yana zaune a jikin tantanin da ya lulluɓe ƙwayar jiki: wani sashe a waje, wani ya ratsa tantanin, wani a ciki. Idan sinadarin da ake kira FGF ya zo ya manne wa sashen waje, sai furotin biyu su matso su haɗu, sassansu na ciki su kunna juna, daga nan saƙo ya bi ta wasu furotin, wannan na miƙa wa wancan, har ya isa tsakiyar ƙwayar inda DNA yake. Masana sun san manyan hanyoyin da yake bi, biyu daga ciki su ne MAPK da STAT1. A mafi yawan sassan jiki, ma'anar irin wannan saƙo ita ce "ki rabu, ki hayayyafa". A guringuntsin da ƙashi ke tsawo da shi kuwa, ma'anarsa akasin haka ce: "ki dakata".

Ƙashin hannu da na ƙafa ba daga tsakiya yake tsawo ba. Kusa da kowane ƙarshensa akwai siririn faifan guringuntsi. Ƙwayoyin wannan faifai suna rabuwa, su jeru layi-layi, su kumbura, sannan ƙashi mai tauri ya maye gurbinsu, sababbi kuma su taso a bayansu. Haka ake yi tun yaro yana ciki har ya gama balaga, faifan ya rufe, tsawo ya tsaya. FGFR3 shi ne linzamin wannan aiki, shi ke hana shi wuce gona da iri. An tabbatar da haka a 1996, lokacin da aka cire wa ɓeraye wannan ƙwayar gado a ɗakin bincike: ba gajeru suka fito ba, ƙasusuwansu zarcewa suka yi da tsawo. Akwai ma iyalai ƙalilan a duniya da tasu ƙwayar ba ta da ƙarfi, sai ka gan su dogaye, da lanƙwasassun yatsu da raunin ji.

Abin da ya faru ga ɗiyarki shi ne harafi guda ya sauya. A gurbi na 1138 na wannan ƙwayar gado, inda ya kamata a sami G, sai aka sami A. Wannan ya canja sinadari na 380 a jerin da aka gina furotin ɗin da shi, daidai a sashen da ya ratsa tantanin. Sakamakon haka furotin ɗin yana aika saƙo fiye da kima, kuma yana daɗewa a kunne. Linzamin a jaye yake kusan ko yaushe, guringuntsin kuma yana bin umarni. Ƙungiyoyin masana biyu ne suka gano haka a 1994, ɗaya a Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine a Amurka, ɗaya a birnin Paris na Faransa. Abin da ya ba mutane mamaki shi ne, kusan 99 cikin 100 na masu wannan halitta, ko a Japan, ko a Masar, ko a Kebbi, a wannan gurbi guda sauyin nasu yake. Da wuya a sami wata lalurar gado mai irin wannan daidaito. Shi ya sa likitanku ya iya rubuta sunan ƙwayar ba tare da an aika jini waje ba. Idan siffa da hoton ƙashi sun bayyana sarai, gwajin DNA tabbatarwa kawai yake yi.

Da wannan za ki gane siffarta ba sai an yi miki dogon bayani ba. Ba dukan ƙasusuwa ne ke fitowa daga guringuntsi ba. Na damtse da na cinya daga can suke, shi ya sa suka fi gajarta. Rufin ƙoƙon kai ta wata hanya dabam yake samuwa, don haka yana girma ba tare da cikas ba, goshi ya fito. Amma gindin ƙoƙon kai daga guringuntsi yake, sai ya tsuke, tsakiyar fuska ta shige ciki, karan hanci ya lotsa. Gangar jiki kusan daidai take da ta sauran yara. Ƙwaƙwalwa kuwa babu abin da ya taɓa ta. Basirar waɗannan yara daidai take da ta kowa, kuma ina so ki riƙe wannan da kyau don ranar da wani zai ce ba sai an sa ta makaranta ba.

Yanzu maganar surukarki. Auren zumunci yana ƙara yiwuwar lalurorin da sai yaro ya gaji ƙwaya mai matsala daga uwa da uba duka biyu. Sikila ce misalin da kowa ya sani: uwa AS, uba AS, dukansu lafiya lau, ɗa ya fito SS. Wannan halitta ba haka take ba. Guda ɗaya ta isa. Ba a ɗaukar ta a ɓoye. Da ke ko maigidanki kuna da sauyin a jikinku, da mai shi wada ne, kowa na gani. Tunda ba haka ba ne, sauyin sabo ne, a kanta ya fara. Kimanin 80 cikin 100 na masu wannan halitta iyayensu masu tsawo ne kamar ku. Tana zuwa sau ɗaya a cikin haihuwa wajen 25,000, a kowace ƙabila, a gidan da ake auren dangi da gidan da ba a yi.

Sabon sauyin kusan ko yaushe a ɓangaren uba yake faruwa, a ƙwayoyin da ke samar da maniyyi. Ƙwayayen mace sun gama mafi yawan rabuwarsu tun kafin a haife ta. Na namiji kuwa suna ta rabuwa tun daga balaga har tsufa, kuma a kowace rabuwa sai an kwafi haruffan nan biliyan 6, saboda haka kuskuren kwafi na taruwa da shekaru. Akwai ƙari a kan wannan. Kin tuna na ce a mafi yawan sassan jiki saƙon FGFR3 "ki hayayyafa" yake nufi? To, ƙwayar da ta sami wannan sauyi a cikin maraina tana ɗan fin maƙwabtanta yaɗuwa, sai zuriyarta ta yi ta ƙaruwa shekara bayan shekara. Shi ya sa abin ya fi yawa a 'ya'yan mazan da suka haura 35. Wani masani Bature, Lionel Penrose, ya nuna alaƙarsa da shekarun uba tun 1955, kafin a san ƙwayar da kanta. Ban faɗi wannan don ki sami abin mayar wa uwar miji da martani ba. Ba ciwo ba ne a jikin uban, ba abin da ya yi ko ya bari, kuma dattawa nawa ne suke haihuwa kullum ba a ga haka ba. Na faɗa ne don a daina ɗora wa mace abin da ko ta fuskar ilimi ba ta wajenta ya bi ba. Game da ciki na gaba: yiwuwar ya sake faruwa gare ku ƙasa take da 1 cikin 100. Yayyenta huɗu kuma ba sa ɗauke da komai da za su ba 'ya'yansu.

Wani abin da ke ruɗa mutane a yankinmu shi ne gajerun yara suna da yawa, amma ba dalili guda ba. Akwai tsumburewa, wadda ƙarancin abinci mai gina jiki da yawan gudawa da zazzaɓi ke jawowa. Wannan yaron ƙarami ne gaba ɗaya, hannu, ƙafa da gangar jiki duk sun yi daidai da juna. Akwai laushin ƙashi, wanda a arewacin Najeriya galibi ƙarancin sinadarin kalsiyam a abinci ne ke kawo shi, ƙafa ta lanƙwashe, wuyan hannu ya kumbura. Waɗannan biyu abinci da magani na gyara su. Ɗiyarki ba abin da ƙashinta ya rasa. Kalsiyam, maganin ƙarin jini, maganin sa cin abinci, jiƙe-jiƙe, babu wanda zai ƙara mata ko rabin inci, don ba kayan gini ne suka yi ƙaranci ba, umarnin dakatawa ne ya yi yawa. Ɗura mata abinci ma illa ne, domin ƙiba na saurin kama su, kuma nauyin a kan baya da gwiwa yake sauka. A wajen awo, katin da ake auna sauran yara da shi zai nuna kullum tana ƙasa da layi a tsawo, tana sama da layi a girman kai. Akwai jadawalin awo na musamman na masu wannan halitta, ki roƙi likitan yara ya riƙa auna ta da shi.

A ganina iyaye suna kashe hankalinsu a kan tsawo, alhali ba nan haɗarin yake ba. Haɗarin yana shekarun farko, kuma yana bayan wuya. A gindin ƙoƙon kai akwai ƙofar da laka ke bi ta sauka cikin ƙashin baya, kuma a daidai wurin ne cibiyar da ke sarrafa numfashi take. A waɗannan yara ƙofar a tsuke take. Ga kai mai nauyi, ga wuya mai rauni. Idan kan yana rinjaya gaba da baya da ƙarfi, ana iya matse lakar. Wannan ya shafi goyo kai tsaye. Idan za ki goya ta, zanen ya hau har ya tallafi ƙeya, kada kan ya riƙa lilo. Kada a ba yayyenta ƙanana su goya ta suna guje-guje. A kan kabu-kabu, musamman a hanya mai gargada, ki riƙe ta a gaba, hannunki na tallafe da kai da wuya. Kada a riƙa cilla ta sama ana cafewa da sunan wasa.

Haka batun koya zama. Mun saba kafa jariri a cikin kwano ko tsakanin tsummoki don ya yi saurin zama. Ga irin ɗiyarki wannan yana ƙara ƙusumbin da ke fitowa a tsakiyar bayansu suna jarirai, wanda in an bar shi yakan miƙe da kansa idan sun fara tafiya. Ki bar ta a shimfiɗa mai tauri, ta yi rub da ciki tana farke, ta yi birgima, ta ja jiki yadda ta ga dama. Keken koyon tafiya ma a ajiye shi. Rashin tsayuwa a wata 14 bai tayar mini da hankali ba. Da yawansu sai tsakanin wata 18 da shekara 2 suke tafiya, wasu ma su ɗara haka.

Minsharin ne nake so a duba da wuri. Yawanci tsukewar tsakiyar fuska ne tare da kumburin 'yan wuya da naman bayan hanci, kuma likitan kunne, hanci da maƙogwaro na iya magance shi. Ba belu ba ne, kada a kai ta wurin wanzami a yanke. Amma wani lokaci matsewar lakar nan ce ke sa numfashi ɗaukewa. Ki zauna ki kalle ta tana barci. Idan numfashin yana tsayawa sannan ta farka a firgice, ko leɓɓanta na canja launi, ko jikinta ya saki fiye da da, ko gefe ɗaya ya fi rauni, ko ta daina abin da ta riga ta iya, ko tana yawan ƙwarewa da abinci, wannan ba na jiran ranar asibiti ba ne. Haka idan kan ya yi saurin girma, maɗiga ta kumbura, tana amai, idanu na kallon ƙasa, domin ruwa na iya taruwa a kai. A irin wannan hali ana ɗaukar hoton kai da wuya, in an ga matsewa a yi aiki a faɗaɗa ƙofar. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato na da sashen tiyatar ƙwaƙwalwa da laka, kuma daga Argungu ba nisa. Mafi yawan yaran ba sa kai wa ga buƙatar aikin, amma wanda ya buƙata, lokaci ne ke cetonsa.

Kunne ma a sa masa ido. Bututun da ya haɗa kunne da maƙogwaro gajere ne a wurinsu, ruwa na taruwa, ciwon kunne na yawan dawowa. Yaron da ba ya ji sosai yana jinkirin magana, daga nan sai a ce ba shi da wayo. A gwada jinta a kai a kai. Rigakafi kuwa ta karɓi dukansu kamar kowane yaro. Idan ta girma, ƙafar baka da tsukewar hanyar laka a ƙugu su ne abin lura, kuma wannan aikin likitocin ƙashi ne, irin na asibitin Dala da ke Kano.

Magani akwai, amma zan faɗa miki iyakarsa. Jiki yana da wani sinadari nasa mai suna CNP da ke rage ƙarfin hanyar MAPK a cikin guringuntsi. An ƙera makamancinsa mai daɗewa a jini, sunansa vosoritide, Tarayyar Turai da Amurka suka amince da shi a 2021. Allura ce a ƙarƙashin fata kowace rana har faifan guringuntsi ya rufe. A babban gwajin da aka yi da yara 121, waɗanda suka karɓa sun fi sauran tsawo da kimanin santimita 1.6 a shekara. Ba ya gyara harafin da ya sauya, saƙon kawai yake sassautawa. Kuɗinsa a Amurka lokacin da ya fito ya haura dala 300,000 a shekara, don haka ga iyali a Kebbi labari ne kawai a yanzu. Allurar sinadarin girma da wasu ke tallatawa amfaninta kaɗan ne a nan, domin ba shi yarinyar ta rasa ba. Akwai kuma tiyatar ƙara tsawo, inda ake yanke ƙashi a riƙa jan shi kaɗan-kaɗan da ƙarafa na tsawon watanni. Tana da wahala da haɗari, kuma shawara ce da ya kamata mai jikin ta yanke da kanta idan ta yi hankali. Ba tare da komai ba, matsakaicin tsawon mace babba wajen santimita 124 ne, namiji 131. Duk wanda ya ce yana da sassaƙen da zai canja wannan, kuɗinki yake so.

Abin da ƙanenki ya karanta gaskiya ne, amma ba a kan ɗiyarki yake magana ba. Sauye-sauye dabam-dabam a wannan ƙwayar gado suna ba da sakamako gwargwadon ƙarfinsu. Mai sauƙi yana kawo gajartar da wani lokaci ba a ma gane ta sai yaro ya shiga makaranta. Mai tsanani ƙwarai yana hana ƙirji girma, jariri ya rasu jim kaɗan bayan haihuwa. Wani kuma, a sinadari na 250 na furotin ɗin, haɗewar ƙasusuwan kai da wuri yake jawowa. A 1999 aka gano cewa irin sauye-sauyen nan masu tsanani suna bayyana a ciwon dajin mafitsara. Bambancin shi ne, a can ba gado ba ne: ƙwaya guda ce a bangon mafitsarar babban mutum ta sami sauyin, kuma tunda a wurin saƙon "ki hayayyafa" yake nufi, sai ta zama ƙari. An fi ganin haka a nau'in da ke tsayawa a saman bango bai nutsa ba, kuma tun 2019 akwai ƙwayar magani mai suna erdafitinib da ke toshe wannan furotin ga waɗanda nasu ya yaɗu. Ana kuma samun hannun FGFR3 a wani kaso na dajin ɓargo. Masu halittar ɗiyarki, duk da haka, ba a san su da yawan ciwon daji fiye da sauran mutane ba. In ma maganar mafitsara ce, a garuruwan bakin ruwa irin su Argungu da Yawuri tsargiya ce abin tsoro, domin idan ta daɗe ba magani tana jawo wani nau'in dajin mafitsara ta hanyar da ba ta shafi wannan ƙwayar ba. Yaron da ke fitsarin jini a kai shi ya sha maganin tsargiya mai suna praziquantel, kada a ce alamar balaga ce.

Saura aure, don na san yana ranki ko da ba ki tambaya ba. Za ta balaga a kan lokaci, kuma tana iya haihuwa. Idan mijinta mai tsawo ne, kowane ciki rabi da rabi ne: ko ya gaji halittarta, ko bai gada ba. Idan shi ma irinta ne, kashi ɗaya cikin huɗu zai yi tsawo, biyu su yi kamar iyayen, ɗaya kuma ya gaji sauyin ta ɓangare biyu, kuma wannan ba ya rayuwa. Ya kamata su san haka kafin a sa rana. Ƙugunta a tsuke yake, saboda haka ba za ta haihu a gida ba ko da naƙuda ta zo da sauƙi. Aiki za a yi mata a ciro jaririn, a asibitin da ke da ƙwararren likitan sa barci, domin hanyar numfashinta da ƙashin bayanta duk suna buƙatar wanda ya san su.